Sunan Mahaifi

A shagon kwamfuta na bakin Wunti
mai cike fom ya ɗago kai ya ce,
"Sunan mahaifi?"
Sai sunaye biyu suka yi karo a bakina,
kamar awaki biyu a ƙofar akurki ɗaya.

Akwai Gambo na Dass,
wanda ya tafi haƙar kuza ina da shekara biyar,
ramin bai dawo da shi ba.
Akwai Malam Bappah tela na Jahun,
wanda bai haife ni ba,
amma ya san tsawon hannuna ba tare da awo ba,
duk sallah yana ƙara mini taƙi ɗaya a riga.

Na ce, "Bari in yi tunani."
Na baya suka yi tsaki.

Inna Zulai ce ta goyo ni daga asibiti
ranar da aka rufe fuskar mahaifiyata,
ita ce mai aikin dare a ɗakin.
Ba ta taɓa ce mini 'yar riƙo ba.
Maƙwabta ne ke faɗa, a hankali,
kamar masu tauna tsakuwa a cikin shinkafa.
In baƙi sun zo, sai a ce, "Wannan fa ba ta yi kama da gidan ba."
Inna ta ce, "Tuwon gidan ta ci, ku duba kumatun."

Jaranci ya zube mini a hanya
kamar gero daga buhu mai huji.
Abin da ya rage: ƙidaya zuwa huɗu,
da wata kalma da ake faɗa wa yaro in ya faɗi,
ban ma tabbata ina furta ta daidai ba.
Sai wani dutse baƙi mai ƙyalli
da na taho da shi a dunƙule,
yana cikin gwangwanin madara har yau.

Lurwanu mai gyaran waya ne kaɗai ya gan shi.
Bai yi dariya ba.
Ya juya shi ƙarƙashin fitilar da yake duba cikin waya,
ya ce, "Saude, wannan ai ya fi ni sanin garinku."
Mako biyu ban gan shi ba, na yi fushi,
na daina bi ta layinsu.
Ashe mota ya hau zuwa Dass ran kasuwa,
ya zauna gun wata tsohuwa mai sayar da daddawa,
ya ɗauko muryarta minti goma sha ɗaya.
Ya miƙo mini katin a cikin takardar alawa,
yana kallon ƙasa,
ya ce, "Ban san me ta ce ba. Ta dai yi ta dariya."

Na saurara a ƙarƙashin bargo.
Ban gane komai ba sai kalmar nan guda,
ta zo sau biyu.
Ashe daidai nake faɗinta.

Da safe Inna ta ga idona ya kumbura.
Na ba ta ta ji. Ta ji har ƙarshe,
ta goge hannu a zani, ta ce,
"In kin gama jarrabawa mu je, ni ma ban taɓa zuwa ba."

Ilimin duwatsu nake so in karanta.
In san wane rami ke riƙe rufinsa,
wane ne ke jiran mutum ya sunkuya.
Lurwanu ya ce zai jira shekara biyar ɗin,
na ce kar ya yi alkawari da cikinsa babu abinci.

Na koma Wunti ran Laraba.
Na ce a rubuta Sa'udatu Gambo Bappah.
Mai fom ya ce gurbin ya yi kaɗan.
Na ce ya matse haruffan.